Kar ka bari a cire wa Marsandin nan inji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Babanmu ya rasu ya bar mana wata tsohuwar Marsandi 190, a jikin but ɗinta an rubuta 2.3-16, kafin rasuwarsa ya kashe mata kuɗi sosai an yi fenti an gyara kujeru, amma yanzu tashinta da safe sai an sha fama musamman in sanyin Jos ya kankama. Bakanike ya ce a cire injin a sa na Toyota kowa ya huta, wani dillali kuma kullum sai ya yi mana sintiri wai zai ba mu Corolla tokumbo ya ɗauke ta. Nacin nasa ne ya sa na fara zargi. Meye shawara?
Mai karatu daga Anguwan Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ruwa ba ya tsami banza, dillalin nan ya san abin da ya gani. Amma kafin komai ka duba lambar chasis, domin rubutun jikin but kowane fanel bita zai iya liƙawa. In ka ga 201034 a cikin lambar, to ta gaske ce. Sannan ka shiga ciki, in mai giyar hannu ce giya ɗaya tana hagu ta baya ne, ribas kuma hagu ta gaba, a bayan motar kujeru biyu ne rabe ba doguwar kujera ta mutum uku ba, kuma ƙasan rediyo akwai ƙananan mitoci uku, na zafin mai, na batir da agogon ƙirga lokaci irin na tsere.

Wannan fa ba 190 ɗin da muka saba gani tana kabu-kabu ba ce. An fara sayar da ita a 1984, kuma kan injin nata mai bawul 16 kamfanin Cosworth na Ingila ne ya tsara shi, masu haɗa injinan motocin tsere, shi ya sa take ba da ƙarfin doki 185 a ƙirar Turai, wanda a wancan zamanin ba ƙaramin abu ba ne ga mota mai ƙofa huɗu da za ka sa iyali a ciki. Tun kafin ta shiga kasuwa, a 1983 an kai ta filin gwaji na Nardo a Italiya ta ci kilomita 50,000 da matsakaicin gudun da ya haura kilomita 247 a awa. A watan Mayun 1984 kuma da aka buɗe sabon filin tsere na Nurburgring a Jamus, irinta aka raba wa manyan direbobin duniya suka fafata, wani matashi ɗan Brazil mai suna Ayrton Senna ya zo na ɗaya, Niki Lauda na biye da shi. Duka-duka waɗanda aka ƙera ba su kai 20,000 ba.

To ka ga duk wannan labarin a cikin injin yake, shi masu tara tsofaffin motoci ke biya wa kuɗi, ranar da aka cire shi aka dasa na Toyota wallahi darajar ta tafi, gangar jiki kawai ta rage, kuma abin zai yi min ciwo ƙwarai. Wahalar tashi da safe ba mutuwar inji ba ce, motar ba ta da kafireta, tsohon tsarin injekta na Bosch take amfani da shi, sau da yawa famfon mai ne ya gaji ko tacen mai ya toshe ko bawul ɗin da ke ƙara mata fetur lokacin sanyi ya daina aiki, balle in ta daɗe a ajiye da tsohon fetur a tanki. Ka nemi dattijon bakanike da ya ƙware a tsohuwar Marsandi, in ba ka samu a Jos ba ka tambaya a Apo a Abuja. Ya duba shokozoban baya ma, na haidirolik ne masu daidaita tsayin mota da kansu, kar a musanya su da na gama-gari. Fentin da aka yi kuma ka lura, asalinta kala biyu kawai ta fito da su, ruwan azurfa mai duhu-duhu da baƙi mai shuɗi-shuɗi.

Tunda dukiyar gado ce kar ka yanke hukunci kai kaɗai, ku zauna da sauran magada, a tattaro takardun kwastam da rasitan gyaran da Baba ya yi, a samu mutum biyu ko uku da ba su da alaƙa da dillalin su yi mata kuɗi. In kun ga sayarwa ce mafita ku sayar da injinta a ciki, kuma da tsabar kuɗi, ban da musaya da Corolla.