Tambaya da Amsa: Makaranta za a fara nema ko gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki zuwa garin da ban san kowa ba. Yarana uku, biyu a firamare, ɗaya a sakandare. Dillali ya turo mini hotunan wani gida mai araha a bayan gari, yana cewa in biya kafin wani ya riga ni. In biya, daga baya in nemi makaranta? Daga wani magidanci.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka biya tukuna. Wurin aikinka ba zai gusa ba, don haka daga nan za ka fara. Sai makaranta, gida ya zo a ƙarshe. Gidaje sun fi makarantun kirki yawa, kuma a garuruwa da dama unguwar da mutum yake zaune ita ke yanke makarantar gwamnatin da za ta karɓi ɗansa. Wanda ya fara biyan haya ya ɗaure kansa da makarantun da ke kusa, masu kyau ne ko marasa kyau.

Batun araha kuma lissafi ne. Ka ɗauki takarda ka rubuta abu huɗu na wata guda: haya, kuɗin mota naka da na yara, ruwa da wuta, da kuɗin makaranta. Wanda ake biya a shekara ka raba shi 12. Haya kaɗai kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, idan kuma ta haɗu da kuɗin mota ta cinye rabi, gidan ya fi ƙarfinka. Nan gidan bayan gari yake yaudarar mutane. Mutum huɗu ne za su fita kullum, zuwa da dawowa, wajen kwana 20 a wata, sai ka tarar ragin da aka samu a haya ya ƙare a hanya. Ga wahalar yara: ɗan firamare da zai yi fiye da minti 30 a hanya yakan isa aji a gajiye, ya dawo ba shi da ƙarfin aikin gida.

Idan da hali, ka riga iyali zuwa, ka kama wurin zama na wata biyu ko uku. Unguwar da ka sa wa ido ka je ta sau uku: da sassafe lokacin cunkoso, ka auna tafiyar da agogo, da dare, ka ga haske da zirga-zirga, sai bayan ruwa mai ƙarfi. Idan rani ne, ka dubi gindin bango, shatin ambaliya ba ya ɓuya, sabon fenti a ƙasan bango kaɗai ma abin tambaya ne. Maganar ruwa da wuta da tsaro, maƙwabta za ka tambaya, domin dillali la'adarsa yake nema. Kafin kuɗi su bar hannunka, ka shiga gidan da ƙafarka, ka ga mai gidan ko wakilinsa da takarda, ka duba ko mita na da tsohon bashi, a rubuta yarjejeniya da ta faɗi wa'adi, da kuɗin ajiya, da wanda gyara yake kansa.

TAMBAYA: Duk makarantar da na leƙa a intanet tana cewa ita ce kan gaba. Yaya zan gane ta ƙwarai? Daga wata uwa.

AMSA: Malama, gani ya kori ji. Ki je ranar karatu, wajen ƙarfe 10 na safe, ba ranar biki ba. Kada ki tsaya a ofishin shugaba, ki nemi a kai ki ajin da ɗanki zai zauna. Ki ƙirga kawuna. Idan sun haura 40 ga malami guda a ƙananan azuzuwa, yaro mai rauni zai ɓace a cikinsu. Sannan ki karɓi littattafan rubutun yara biyu ko uku waɗanda ke kika zaɓa, ki duba ranar da malami ya yi gyara na ƙarshe, da ko yaron ya sake aikin da ya kuskure. A ganinmu wannan ya fi fentin gini da motar makaranta faɗin gaskiya. Ki leƙa banɗaki da wurin ruwan sha, ki tsaya ki ga yadda ake sallamar yara idan an tashi.

Ki tambayi malamai nawa suka bar aiki a shekarar da ta wuce. Inda malamai ba sa zama, yawanci albashi ne ba ya fita a kan lokaci, kuma yaro ne ke biyan wannan. Ki nemi ganin takardar rajista daga hukumar ilimi. A sakandare, ki tabbatar ɗalibai suna zana jarrabawar kammalawa a nan, ki kuma nemi sakamakon shekara uku na duk waɗanda suka zauna, domin kowace makaranta tana da zakaru biyu da take liƙawa a bango.

Kuɗi kuwa a ba ki a rubuce: rajista, kayan makaranta, littattafai, mota, jarrabawa, da ƙarin da aka yi a shekaru uku na baya. Makarantar da za ki iya biya har yaro ya gama ta fi wadda za ki cire shi bayan zango biyu.

TAMBAYA: Tashinmu ya faɗo tsakiyar zango, kuma babbar 'yata tana ajin ƙarshe. Me za mu yi? Daga wani uba.

AMSA: Malam, ƙanana su ƙarasa zangon idan zai yiwu. Babbar kuwa, in akwai amintaccen hannun da za ta zauna, a bar ta ta zana jarrabawarta inda aka yi mata rajista, domin sauya cibiyar jarrabawa yana da wuya, wani lokacin ma lokacinsa ya wuce. Kafin ku tashi ka karɓi takardar canjin makaranta, da sakamakon shekara biyu, da takardar haihuwa, da katin rigakafi, ka ɗauki hotonsu a waya. Ka biya duk bashin tsohuwar makarantar, don da yawa ba sa sakin takardu sai an biya. A sabuwar kuma ka nemi jerin darussan da ajin ya riga ya yi, a cike giɓin a makonni huɗu na farko.