Amsoshin tambayoyinku: mulkin mallaka, bangon da ya tsage da dankalin Turawa

Tambayoyin wannan makon duk sun karkata wajen ƙasar Ailan, da alama wani malamin tarihi ne ya ba ɗalibai aikin gida suka taho da shi wurina. To bismillah.

Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya: Malam, daidai ne a ce Ingila ta yi wa Ailan mulkin mallaka, alhali duk Turawa ne?

Daidai ne mana, kalmar ba ruwanta da launin fata. Mulki da mallaka duk Larabci ne kuma tushensu ɗaya, mim da lam da kaf. Mulki shi ne a juya ka, mallaka kuwa ka zama kayan wani, shi ya sa in aka ce mace ta mallake mijinta kowa ya san ba shugabanci ake nufi ba. A 1541 sarkin Ingila Henry na 8 ya karɓi laƙabin sarkin Ailan, aka riƙa sa sarakunan gargajiyarsu su miƙa ƙasarsu gare shi sannan ya mayar musu da ita a matsayin kyauta daga hannunsa haɗe da sarautar Ingilishi, wato gonarka ta gado ta koma aro. Wanda ya san abin da Lugga ya faɗa a Sakkwato a 1903, cewa naɗin sarakuna ya koma hannunsu, ba zai ji abin baƙo ba.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi: mene ne bambancin ɗan mulkin mallaka da ɗan kama-wuri-zauna?

Na farko yana da ranar komawa gida, na biyu ya zo da iyalinsa da garmarsa. Mu a nan Joji da Razdan muka gani, su yi wa'adinsu su tafi. A Ailan kuwa daga 1609 aka kwaso 'yan Furotesta daga Ingila da Sikotilan aka zaunar da su a gonakin 'yan Katolika a yankin Ulster da ke arewacin tsibirin, bayan Cromwell, jagoran sojojin Ingila, ya zo a 1649 aka ƙara ƙwace filaye aka kora masu su yamma. Shi ya sa a 1922 gundumomi 26 suka fita daga Birtaniya, 6 na arewa suka zauna da Birtaniya har yau.

Wani kuma yana so in kawo misali na "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga".

Ga shi nan a kwance. Sarkin Leinster, wata masarauta a Ailan, mai suna Diarmait, abokan gabansa suka kore shi a 1166, ya haye teku zuwa Ingila neman gudunmawa, mayaƙa daga can suka sauka Ailan a 1169, har ya aurar da 'yarsa ga jagoransu Strongbow, a 1171 sarkin Ingila Henry na 2 ya zo da kansa. Amma ina jin haushin yadda ake amfani da karin maganar nan yanzu, an mai da ita sabulun wanke ƙadangare, ko me aka yi wa mutane sai a ce ai bangonsu ne ya tsage. Karin maganar gargaɗi ce ga mai bango, ba ta ce ƙadangare ya yi daidai ba.

Wani daga Jos ya rubuto: "farin da aka yi a Ailan" ko "yunwar"?

Yauwa, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Fari rashin ruwan sama ne, yunwa rashin abinci ne, kuma na gaji da jin masu fassarar labarai suna cakuɗa su kamar Hausar ba ta da uba. Ailan ƙasa ce da ruwa ba ya yanke mata, wane fari kuma? Abin da ya faru daga 1845 zuwa 1852 cuta ce ta kama dankalin Turawa yana ruɓewa a cikin ƙasa, talakawa kuma a kan shi kaɗai suka dogara tunda filayen kirki na hannun masu gonaki ne, da yawansu ma a Ingila suke zaune suna karɓar haya. Mutum kusan miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura, galibi Amurka, kuma a wannan lokacin jiragen ruwa suna ta fita da hatsi da shanu daga tsibirin. In ka ce fari ka ɗora wa sama laifi ka sallami mutane ke nan. Su kansu "babbar yunwa" suke kiranta da harshensu. Kafin ta mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, har yau ba su koma wannan adadin ba. Af, kuma dankalin Turawan nan da kuke nomawa a Filato kuna ce masa arish a kasuwa, sunan mutanen ne ya bi shi, amma asalinsa daga Kudancin Amurka yake.

Yaya za a ce "boycott" da Hausa?

Ƙauracewa, ba sai an yi aro ba. Turancin ma sunan mutum ne, Kyaftin Charles Boycott, wakilin wani mai gonaki a gundumar Mayo ta Ailan, a 1880 manoma suka daina yi masa aiki, masu kanti suka daina sayar masa, har wasiƙa aka daina kai masa.

Na ƙarshe yana tambaya ko "kowa ya bar gida gida ya bar shi" ta dace da yadda 'yan Ailan suka koma magana da Turanci.

Ba ta dace ba, su ba barin gida suka yi ba, a cikin gidan aka same su.