Agogo mai kiɗa da zancen jar zaiba

Tambaya: Malam, na gaji wani agogon tebur na Faransa daga mahaifina, mai ginshiƙai da farin dutse, da ganga mai ƙusoshi da ke kaɗa ƙararrawa. Zinariyar jikinsa ta dushe, kiɗan ya tsaya. Wani ya ce akwai jar zaiba a ciki, zai ba ni kuɗi masu tsoka in na bari ya ciro. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifi. Kada ka bari mutumin nan ya taɓa agogon.

Siffar da ka faɗa ta zamanin Sarki Luwi na 16 ce, wanda ya hau mulki a 1774, ko da yake an yi ta kwaikwayonta a ƙarni na 19. Jikin irin wannan agogo aikin hannu da yawa ne: mai zubin tagulla, mai sassaƙa ado, mai shafa zinariya, sannan mai inji. Ko a Neuwied ta Jamus, David Roentgen ke gina jikin, Peter Kinzing ya haɗa inji da kiɗa.

Jar zaiba kuwa babu ita. Babu ita a agogo, babu ita a keken ɗinki. A 2009 wannan jita-jita ta sa mutane a Saudiyya suka yi ta rububin tsofaffin kekunan Singer, ba a samu komai ba. Kullum sai an kawo mana agogon da aka farke, an karya ƙusoshin ganga, an yar da ƙararrawa, saboda maganar ɗan damfara. Wallahi abin na ci mini rai. Kowace ƙusa sautin waƙa ce da aka dasa da hannu. In ta karye, da wuya a san gurbinta.

Zaibar da ta shiga aikin shafa zinariyar agogon ta yau da kullum ce. Ana kwaɓa ta da zinariya, a shafa wa tagulla, a gasa har ta tashi ta bar zinariyar manne. Tururinta ya hallaka masu sana'ar da yawa a Faris, da karkarwa da zubewar haƙora, kafin hanyar lantarki da 'yan Elkington na Ingila suka yi wa rajista a 1840 ta fara maye gurbinta. To wanda ya ce zai ƙona adon ya tatso wani abu, guba zai shaƙa tare da iyalinka, ya bar maka baƙar tagulla. In kuma ka ga kwalba mai ruwa kamar azurfa a jikin lilon agogo, zaiba ce ta yau da kullum, dabarar George Graham, maƙerin agogo na Ingila, ta 1721 don zafi da sanyi kada su ɓata lokaci. Ita ma guba ce, ba dukiya ba.

Dushewar nan galibi datti ne. Kada ka sa man goge ƙarfe irin Brasso, ko toka, ko lemun tsami, domin zinariyar siririya ce ƙwarai. Buroshi mai laushi ya isa. Kada ka ƙara ɗaure sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke tafiyar da injin, kada ka ɗiga man inji. Ka rufe shi daga ƙurar hunturu, ka ɗauki hoton bayan injin inda ake buga sunan maƙeri, ka kai wa mai gyaran da zai kwance shi a gabanka.