Leza za ta iya tura kumbo ya fi haske gudu?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko hasken leza (haske mai ƙarfi da ake harbawa a siririn layi ɗaya) zai tura kumbo har ya zarce gudun haske. A'a, ba zai yiwu ba. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma tun 1905 Einstein ya nuna cewa duk abu mai nauyi, yana kusantar wannan gudun, ƙarfin da ake buƙata don ƙara masa sauri sai hauhawa yake ba iyaka. Kuma leza ita ma haske ce. Kumbon na ƙara gudu, hasken da ke bin sa na isa gare shi da rauni, turin na raguwa.

Samun kaso mai tsoka na gudun kuwa abu ne da ake iya tunani, muddin kumbon ƙarami ne ƙwarai. Shirin Breakthrough Starshot da attajiri Yuri Milner da masanin kimiyya Stephen Hawking suka sanar a 2016 ya tsara tura na'urori masu nauyin 'yan giram da leza mai ƙarfin gigawat 100 (wato wat biliyan 100), su kai kashi 20 cikin ɗari na gudun haske. Ni dai ƙurar sararin samaniya ce ke damuna: a wannan gudun, ƙwaya ɗaya kan iya lalata na'urar.