Likita ya hana maijego kunun kanwa saboda ciwon zuciya, Inna ta ce sai an cika arba'in

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gujungu. Iyalina ta haihu yau sati huɗu, sai ƙafafunta suka kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagara sai dai ta kwana a jingine da bango tana tari. Mun je asibiti Dutse aka yi hoton zuciya, likita ya ce zuciyar ce ta yi rauni, ya ba da magani ya ce a daina kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwan nan. To Inna ta ce sam, wai sanyi ne ya shige ta don bata gasu ba, in na hana kuma bata yafe min ba. In na bi likita na saɓa wa mahaifiyata?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ta lafiya ya raya abin da aka samu. Baka saɓa ba. Bin likita a nan wajibi ne a kanka, ba zaɓi ba ne.

Abin da ya rikita mutanenmu shi ne sun ɗauka wankan jego addini ne. Wankan da shari'a ta ɗora wa maijego guda ɗaya ne tak, ranar da jinin biƙi ya ɗauke, ko da kwana goma ne ta yi wanka ta kama sallah, in kuma ya zarce to a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana 60. Amma dafa ruwa a tukunya safe da yamma, a tsoma ganyen darbejiya ana fyaɗa mata har fata ta saɓule, da kunun kanwa kwano guda, wannan al'ada ce. Al'ada ba laifi ba ce, sai dai duk ranar da ta tabbata tana cutarwa ta faɗi, don Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, kuma Allah ya ce a Baƙara aya ta 195 kada ku jefa kanku cikin halaka.

Shin cutar ta tabbata? Ni ba likita ba ne, amma abin da suka bayyana a fili yake. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura wannan ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, har yau kuma ana bincike a kansa a asibitin Malam Aminu Kano. Ba a ce kanwa kaɗai ke kawo shi ba, akwai hawan jini lokacin ciki da sauran dalilai, don haka kar ka je ka ce wa Inna ita ta jawo. Amma kanwa ƴar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuma bata iya tura shi, sai ya taru a ƙafa da huhu, shi ya sa take kwana a zaune. Maganin da ke sa ta yawan fitsari ruwan yake fitarwa. Kana fitarwa da ƙwaya kana mayarwa da kunu, wane aiki kenan?

Batun bata yafe ba kuwa, na san shi ne ya hana ka barci. Biyayyar iyaye a cikin abin da yake ma'arufi ne, ba a yi wa abin halitta biyayya a saɓa wa Mahalicci, kuma ran matarka amana ce a hannunka, ba hakkin Inna ba ne balle ta ce ta yafe ko bata yafe ba. Wannan furucin ba zai kama ka ba insha Allahu. Sai dai fa kar ka ɗaga mata murya. Tsohuwar nan haka aka yi mata, haka ta yi wa ƴaƴanta, tsoro ne yake sa ta ba ƙiyayya ba. Ka samo ƙanenta ko limamin garinku su zauna da ita, ranar komawa asibiti kuma ka ɗauke ta ku tafi tare ta ji daga bakin likita, na ga tsofaffi da yawa da suka sauko ta wannan hanyar. A bar wa Inna aikin kula da jegon, ta dama kunun gero ko na tsamiya ba kanwa, ta sirka ruwa mai ɗumi, miya a rage gishiri da dunƙule.

Kuɗin itacen wanka a mayar da shi kuɗin magani da na mota. In abin ya fi ƙarfinka kar ka ji kunya, talakan da jinya ta ci ƙarfinsa ko bashin asibiti ya hau kansa ya halatta a ba shi zakka, ga aya ta 60 a Tauba, masu hatsi su ba ka ka sayar ka sayi magani. Kuma kar a tsayar da ƙwayoyin don an ga kumburi ya saɓe, sai likita ya ce. Maganar wani cikin nan gaba ma ku tambaye shi tun yanzu, in ya ce a dakata to tazara saboda lalura irin wannan halal ce. Wallahu a'alamu.