Na iya iyo a Tiga, zan iya shiga tekun Legas?

Tambaya: Salam malam, ni ɗan Fagge ne, tun ina yaro nake iyo a dam ɗin Tiga. Zan je Legas wajen yayana, ina so in gwada tuƙa ƙaramin kwalekwalen nan na mutum ɗaya ko hawa allon da ake bin igiyar ruwa da shi. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Toh iyon ka zai yi maka amfani, amma ruwan Tiga a kwance yake, shi kuwa teku cikowa yake yana janyewa sau biyu kullum, wajen awa 6 tsakanin cika da janyewa, kuma lokacin na ƙara matsawa da kusan minti 50 kowace rana, wato inda ka tsaya ruwa iya gwiwa da hantsi kana iya dawowa da azahar ka tarar ya kai maka ƙirji. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. Mu da muka saba lissafin wata abin ma sauƙi ne: lokacin tsayuwar wata da wajen 14 zuwa 15 ga wata ruwan ya fi cika ya fi janyewa, jansa ma ya fi ƙarfi. Sabon shiga ya nemi wajen 7 ko 22 ga wata.

Wuri kuwa, Tarkwa Bay zan ce maka, wani bakin teku ne a Legas, da jirgin ruwa ake zuwa, kuma katangar duwatsun bakin tashar jiragen ruwa na rage mata ƙarfin igiya. Ka fara da kwalekwalen, da rigar nan mai hana nutsewa a jikinka ko da kai kifi ne, allo sai da mai koyarwa.

Abin da ya fi cin gwanaye shi ne wani jan ruwa siriri mai komawa cikin teku, kuma wallahi wajen ya fi ko'ina kama da lafiya, ba kumfa ba igiya, sai duhu-duhu. In ya ɗauke ka kar ka yi kokawa da shi ka ce sai ka dawo gaɓa kai tsaye, gajiya za ka yi. Kwanta rigingine ka huta, ka yi iyo gefe kana bin tsawon gaɓa har ya sake ka, sannan ka nufo tudu. In ƙarfi ya ƙare ɗaga hannu a gan ka.

Kafin ka jiƙa ƙafa tambayi masu jirgi ko yanzu ruwa cikowa yake ko tafiya, kuma yayan naka ya tsaya a gaɓa idonsa a kanka, ba a kan waya ba.