Yadda za a horar da malaman ajin share fage su shirya yara karatu

Assalamu alaikum. Hajiya, kin tambaya yadda za ki horar da malaman ajin share fage a makarantarki da ke Gombe, waɗanda yawancinsu takardar sakandare kawai gare su, ga kuma iyaye sun matsa sai sun ga ɗan shekara uku yana cika littafi da rubutu. Na daɗe ina duba ajujuwan ƙananan yara a Bauchi, don haka zan faɗa miki abin da na gani.

Babban abin da ya kamata malama ta gane shi ne, karatu daga kunne da baki yake farawa kafin ya kai ga hannu. Yaron da ya gane cewa "rago" da "riga" da sauti ɗaya suka fara, ya iya tafa gaɓoɓin sunansa, Ha-li-ma tafi uku, kuma ya iya maimaita tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi daga farko har ƙarshe, ya fi shirin shiga aji ɗaya a kan wanda ya haddace ABCD da waƙa amma ba ya gane ko harafi ɗaya a kan allo. Hausa ta sauƙaƙa mana wannan, domin yaron da ya kama ba, be, bi, bo, bu ya kusa karanta kalma da kansa. A kan sautuka da gaɓoɓi aka gina shirin Mu Karanta da aka gudanar a firamaren Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka.

Bitar kwana biyu ba ta sauya malama. Ki ware awa ɗaya duk mako bayan an tashi, ƙwararriyar malama ta koyar da darasi a gabansu, kowacce ta gwada, sannan ki shiga ajinta cikin makon ki zauna a baya ki duba. Ki lura da yadda take riƙe littafin hotuna: shin ta juyo shi wajen yara, tana bin layi da yatsa daga hagu zuwa dama? Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, saboda yaranmu da yawa sun saba da fara karatu daga dama a makarantar allo. Kayan aiki ba sai na tsada ba, yashi a faranti don zana harafi da yatsa da murafun kwalba don ƙirga sun wadatar. Bulala kuwa a fitar da ita daga ajin gaba ɗaya.

Masu niyyar dawwama a aikin, ki taimaka musu su nemi NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, ko a kwalejin ilimi ko ta karatun ƙarshen mako na Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa (NTI). Iyaye kuma ki gayyace su sau ɗaya a zango su zauna a aji, su ji 'ya'yansu suna haɗa gaɓoɓi, domin bayani a taron iyaye kaɗai ba ya gamsar da su.